Ranar da Minti Biyu Ya Sabunta Tashar Mota

Ba da mugunta aka raɗa masa Minti Biyu ba, bakinsa ne ya jawo masa. Tun yana ƙarami, duk aikin da aka ambata a gabansa, ko gyaran rediyo ne ko haƙar rijiya, sai ya karkace kai ya ce ai wannan aikin minti biyu ne. Ya girma, gemu ya fito, minti biyun ba su ƙaru ba, aikin kuma bai taɓa ƙarewa ba. Ya yi zama a shagon gyaran waya, aka sallame shi ranar da ya mayar wa wata mata wayarta da sukurori huɗu a leda, ya ce mata ado ne kamfani ya sa su. Ya yi zama wurin masu haɗa wutar sola, nan ma ba a rabu da daɗi ba. Har yau in maigidan wurin ya hango shi, tsallaka titi yake yi.

Mutum ɗaya ce a duniya ba ta gaji da shi ba, wato yayarsa. Ita ta goya shi, ita ta riƙe shi bayan rasuwar iyayensu, kuma a ɗakin ƙofar gidanta yake kwana. Mijinta shi ne manajan wata tashar manyan motoci, mutum mai ƙarancin magana da yawan lura. Wata uku Yaya ta yi tana masa naci, da safe naci, da yamma naci, har ya gaji ya ce to, a turo shi, amma da sharaɗi. Gwajin mako guda ne. In makon ya wuce lafiya, kujera ta zama tasa. In ya ɓata ko da allura ce, to Kawu yana can gonarsa a ƙauye yana neman mai kwashe masa kashin kaji, kuma motar da ke bi ta gonar daga wannan tashar take tashi. Yaya ta amince, ta kuma yi alkawarin ba za ta ƙara buɗe baki a kan maganar ƙaninta ba.

Minti Biyu ya tsani gonar Kawu tsana ta gaske. Ya taɓa yin hutu a can. Waya ba ta kamawa sai an hau tudu, ga wari, kuma abin da ya fi ci masa rai, babu mai sauraronsa sai kaji.

Aikin da Manaja ya ba shi uku ne kacal. Ya goge allunan kwamfuta, ya sa takarda a firintar tikiti in ta ƙare, in kuma wani abu ya lalace ya kira mai gyaran da ya haɗa musu kayan, ga lambarsa nan a jikin bango. Abin da Manaja ya faɗa ke nan. Abin da Minti Biyu ya ji shi ne an naɗa shi shugaban sashen kwamfuta. Washegari ya zo da igiya a wuya, ya rataya mata filashin adana bayanai guda biyar, babu komai a cikin ko ɗaya.

Ɗakin tikitin ƙarami ne. Tagogi uku ne suke kallon zauren jira, kowace da kwamfutarta da firintarta. A lungu kuma akwai ta huɗu, wadda ake kira Uwa, don a cikinta jerin fasinjoji da lambobin kujeru suke, ita ce kuma ke aika lokutan tashi zuwa babban allon da ke rataye a zaure. Mai mulkin wannan ɗaki wata mata ce da ta shekara goma sha ɗaya a bakin taga ta farko, kowa Anti Tikiti yake ce mata, har waɗanda suka girme ta.

A rana ta biyu ya ga abin da ya tsaya masa a rai. Anti ta kunna kwamfutarta, sai wani ɗan akwati ya fito a kusurwar allo yana cewa akwai sabuntawa da ke jira, a yi yanzu ko a bari sai an jima. Ko kallo na biyu ba ta yi masa ba ta danna a bari. Ta zagaya sauran ukun ta yi musu haka, kamar mai korar ƙuda, sannan ta zauna ta buɗe taga.

Ya tambaye ta tun yaushe take wannan ɗanyen aiki. Ta ce tun ranar da aka kawo su. Mai gyara ne ya ce kada kowa ya taɓa. Shi yake zuwa duk bayan wata uku, ya zaɓi ranar da babu tafiya sosai, ya kwafe jerin fasinjoji ya ajiye, ya sabunta guda ɗaya, ya gwada firintarta, in ta yi sannan ya wuce ta gaba. Yini guda yake yi a kai.

Minti Biyu ya riƙe haɓa. "Yini guda. Anti, mutumin nan shan fanka yake zuwa yi muku. Wannan ai aikin..."

"Na sani, kada ka ƙarasa," in ji ta. "Je ka ɗauko min takarda."

Tunda Anti ta ƙi ba shi kunne, sai ya kwashi maganar ya kai farfajiya, inda direbobi ke zama a kan benci. Ya yi musu bayani cewa kowace kwamfuta tana da babbar manhajar da ke tuƙa ta, kuma masu ita kan aiko da gyara lokaci-lokaci don su toshe ƙofofin da ɓarayi ke bi. Wannan gaskiya ne, a bidiyo ya gani. Abin da ya sa Minti Biyu yake da haɗari ke nan, kullum rabin maganarsa daidai ne. Sauran rabin yana can cikin ɓangaren bidiyon da bai tsaya ya kalla ba. Ya ce musu a halin da ake ciki tashar nan a buɗe take, wani yana iya zama a wata ƙasa ya sayar da kujerar direba ma in ya ga dama.

Dogo, direban motar ƙarfe goma, ya tambaye shi ko ya taɓa ganin an canja taya mota tana tafiya. Minti Biyu ya yi masa murmushin tausayi, ya ce wancan ƙarfe ne, wannan kuwa ilimi ne.

Kwana shida ya daure. Ya goge allo, ya sa takarda, kullum da safe yana kallon Anti tana korar akwatin nan, zuciyarsa na tafasa. Rana ta bakwai, wato ranar ƙarshe ta gwaji, ta faɗo daidai da komawar ɗalibai makaranta, zaure ya cika tun da sassafe. Manaja ya tafi gareji duba wata mota, ya ce sai sha biyu zai dawo. Yaya kuma ta ce za ta zo da abinci a lokacin, a ci tare, don tana ganin ƙaninta ya tsallake. Da ya ƙara zaman awa uku hannunsa a aljihu, da shi ke nan. Amma Minti Biyu ba ya son kujerar mai goge allo. So yake Manaja ya shigo ya tarar da komai sabo fil, ya tambayi wa ya yi wannan, a nuna shi, a goge lambar mai gyara daga bango.

Ƙarfe tara da kwata aka kira Anti waje, wasu mata biyu suna rigima a kan jaka iri ɗaya. Tana fita ya miƙe. Ya ce wa sauran masu yankan tikitin biyu su ɗan ja baya, aikin sashe ne. Su kuwa ba su daɗe a tashar ba, ga igiya a wuyansa, sai suka ja baya. Ya danna a yi yanzu a ta farko, ya danna a ta biyu, ya danna a ta uku. Ya tsaya gaban Uwa ya ɗan yi jim, don wani abu a ransa ya tuna masa maganar kwafe jeri. Sai ya ga ai kwafewa aikin matsorata ne, ya danna.

A zaure, babban allo ya ɗauke. Lokutan tashi suka ɓace, allon ya koma shuɗi, wasu ɗigogi suka fara zagaye a tsakiya, ƙarƙashinsu an rubuta kashi ɗaya cikin ɗari. Mutum kusan ɗari biyu suka ɗaga kai a tare.

Minti Biyu ya fito ya tsaya ƙarƙashin allon, ya gyara igiyarsa. Ya sanar da jama'a cewa su kwantar da hankali, sun yi sa'a, yau za su ga yadda ake sabunta tasha a gaban idonsu, kuma rubutun nan na Turanci cewa yake an kusa gamawa. Wani tsoho mai tabarau da ke zaune a layin gaba, malamin makaranta ne da ya yi ritaya, ya ɗaga sandarsa ya nuna allon.

"Samari, ni dai abin da na karanta, cewa ya yi wannan zai ɗauki lokaci, kuma kada a kashe."

"Haka suke rubutawa, Baba, saboda waɗanda ba su iya ba."

"To, Allah ya sa akwai wanda ya iya a kusa," in ji tsohon.

Anti ta dawo ta tarar da kwamfutoci huɗu suna juya ɗigogi. Ba ta yi ihu ba. Ta tsaya ta dube su ɗaya bayan ɗaya, sannan ta yi wa Minti Biyu kallon sama da ƙasa, ta tambaye shi ko ya kwafe jerin. Ya ce jerin yana nan lafiya a ciki. Ta ce ta san yana ciki, ita a waje take son sa. Nan ta warware masa abin da ya jawo. Yawancin mutanen da ke zauren ta waya suka kama wuri, ɗan saƙo kawai suke da shi mai lambar shaida. Sai sun zo taga an duba a Uwa, sannan a san motar kowa da kujerarsa, a buga masa tikiti. Yanzu babu mai sanin wa zai zauna ina, kuma mota biyar ce a layi kafin azahar. Ta juya za ta kira mai gyara, ya tare wayar da hannu biyu, ya roƙe ta ta ba shi minti biyu. Saboda yayarsa, wadda Anti ke ganin girmanta, ta ajiye wayar. Daga baya ta ce wannan ne kuskure mafi girma da ta yi a shekara goma sha ɗaya.

Lamba ta hau da sauri har ashirin da bakwai, sannan ta zauna. Ƙarfe goma saura kwata tana ashirin da bakwai. Ƙarfe goma tana ashirin da bakwai. Dogo ya shigo da makullin mota a hannu, ya tsaya ya ɗaga kai, ya ce shi a saninsa ko jaki in ya tsaya yakan ɗan kaɗa wutsiya. Wata mata mai zuwa ganin 'yarta da ta haihu ta ce in aka ci gaba haka, jaririn zai zo ya tare ta da ƙafarsa. Ɗalibai suka fara ɗaukar allon hoto.

Minti Biyu ya ce zafi ne. Ya ciro fankar ɗakin tikiti ya juya ta tana hura Uwa, su Anti suka koma fifita da takardar tikiti. Lamba ba ta motsa ba. Ya ce ƙura ce, ya durƙusa yana hura bayan kwamfutar da baki, ya taso fuska fari fat. Lamba ba ta motsa ba. Sai ya fito zaure ya ce ya gano matsalar, jama'a ne suke shanye intanet ɗin da wayoyinsu, kowa ya kashe tasa. Tsohon malami ya ce shi da kuɗinsa ya sayi datarsa, ba ta haɗa hanya da ta tasha ba. Minti Biyu ya ce ai a sama suke haɗuwa. Abin mamaki, mutane da yawa suka kashe, don mai son tafiya ba abin da ba zai gwada ba. Ana cikin kashewa lamba ta yi tsalle ta koma sittin, don lokacinta ne ya yi. Minti Biyu ya buɗe hannuwa ya juya yana kallon jama'a, har wasu suka tafa masa.

Daga nan zaure ya zama gidan kallo. Saba'in, aka yi guɗa. Tamanin da biyar, ɗalibai suka fara ƙirgawa da baki. Mai gadi ya bar ƙofa ya shigo. Da ta kai ɗari, Minti Biyu ya hau benci, ya ce wa Dogo ya je ya tayar da mota, ya kuma ce a gaya wa mai gyaran nan ya nemi wata sana'a. Allo ya yi baƙi, ya dawo shuɗi, ɗigogi suka ci gaba da zagayensu, ƙarƙashinsu sifili cikin ɗari.

Kowa ya juya wajen tsohon malami, don yanzu shi ne tafintan tasha. Ya gyara tabarau ya ce an rubuta mataki na biyu cikin uku.

Minti Biyu ya sauko daga benci ba tare da ya dubi kowa ba, ya ce dama ya sani, na farkon ɗumama jiki ne.

Wajen sha ɗaya kwamfutar taga ta farko ta gama nata, ta tashi da sabuwar fuska, hoton wani dutse da ruwa, ta yi musu barka da zuwa. Babu abin da yake inda Anti ta bar shi. Da ƙyar suka lalubo manhajar tikiti, ita kuma ta ce ba ta ga Uwa ba, ba ta kuma san wata firinta ba, alhali ga firintar nan a gefenta shekara huɗu suna tare. Minti Biyu ya ce wannan ƙaramin abu ne, gabatar da su kawai za a yi. Ya zare wayar firintar ya mayar, ya danna nan ya danna can. Firinta ta yi tari, ta fara aiki. Ta fitar da takarda cike da taurari da alamomin tambaya, ba ta yanke ba, ta ci gaba, takardar ta bi ta ƙarƙashin taga ta sauka zaure ta fara naɗuwa a ƙafar mutumin da ke kan layi. Mutumin ya ɗaga ta ya tambayi Anti ko duk wannan tikitinsa ne, don shi ba nisa zai yi ba.

A ƙoƙarin tsayar da ita Minti Biyu ya kifa tafukansa biyu a kan madannai. Firinta ba ta tsaya ba sai da takarda ta ƙare, amma ya kunna wani abu da bai san da shi ba, wato muryar nan da ke karanta wa marasa gani duk abin da ke kan allo. Ita kuwa kwamfutar taga ta farko, da ita ake sanarwa, a haɗe take da lasifikokin zaure da na farfajiya. A cikin ɗakin ba a ji sosai, ga ƙarar fanka, ga hayaniyar taga, don haka bai lura ba.

Ya waiga ya ga Anti ta ba shi baya tana ba fasinjoji haƙuri, sai ya sunkuya, ya kare allon da jikinsa, ya buɗe wurin bincike ya yi rubutu da sauri. A zaure da farfajiya da bakin titi, wata muryar mace mai sanyi, da lafazin baƙon da bai saba da harshen ba, ta karanta a hankali, kalma bayan kalma: yadda ake gyara kwamfuta idan ka lalata ta kafin maigida ya dawo.

Dariyar da aka yi, har masu shaguna na tsallaken titi sai da suka leƙo. Dogo ya zauna a ƙasa. Matar nan mai zuwa ganin jika ta riƙe ciki tana share hawaye. Minti Biyu ya ji dariya, bai san ta mece ce ba, sai ya goge ya sake rubutawa, muryar kuma ta sake sanarwa: don Allah da sauri.

Anti ce ta miƙa hannu ta zare wayar lasifika. Ya leƙo ta taga, ya ga ido ɗari huɗu a kansa, ya gane. Da wani ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Minti Biyu gyaran murya ya yi, ya ce jarraba intanet ɗin yake yi, ya ga ko ta san amsar da shi ya riga ya sani.

"Ta sani?" in ji tsohon malami.

"Tana ƙoƙari, Baba."

Sha biyu saura kwata Manaja ya kira Anti, ya ce wani direba ya gaya masa babu motar da ta tashi tun safe, ga shi nan tafe. A daidai lokacin Uwa ta shiga mataki na uku, ta hau da gudu, ta kai casa'in da tara, ta tsaya. Zaure ya koma kallon allo. Minti ɗaya, minti uku, minti bakwai. Minti Biyu yana tsaye a kanta yana kallon lamba, yana kallon agogo, warin gonar Kawu har ya fara zuwa masa a hanci. Ya lallashe ta, ya shafa ta, ya ce mata saura ɗaya tak. Anti ta ce ya zauna ya sa hannuwansa a ƙarƙashin cinyarsa. Ya ce ya san irin wannan, barci ne ya ɗauke ta a bakin ƙofa, in aka ɗan kashe aka kunna za ta farka ta ƙarasa. Anti ta ce allon da kansa ya ce kada a kashe, tsoho ya karanta, kowa ya ji. Ya ce ba kashewa zai yi ba, girgiza ta zai yi.

Ta taga ya hango motar Manaja tana shigowa. Ya durƙusa ya zare filogi. Filogin kuwa na babban soket ne da ya ɗauki ɗakin gaba ɗaya. Uwa ta mutu, ta biyu da ta uku da suke tsakiyar nasu aikin suka mutu, ta farko ta mutu, fanka ta tsaya, babban allo ya yi baƙi. Ya mayar da sauri. Fanka ta tashi. Uwa ta yi ƙara, ta nuna wata fuska mai baƙin ciki da ɗan rubutu, ta mutu, ta tashi, ta sake nuna fuskar. Sauran ma haka.

Wannan karon ba a yi dariya ba. Tsohon malami ya dubi rubutun, ya cire tabarau ya sa a aljihu, ya ce wannan ba ya bukatar fassara.

Manaja ya shigo, bayansa ga Yaya da kular abinci a hannu, ta ci kwalliya, don a bakin ƙofa suka haɗu. Ya tsallake takardar tikiti da ke kwance a zaure, ya shiga ɗaki, ya dubi alluna huɗu. Bai tambayi wa ya yi ba. Ya ce wa Anti ta kira mai gyara, ta buɗe muryar wayar kowa ya ji. Mai gyara ya saurari labarin har ƙarshe. Ya ce ita Uwa haka take, takan jima a casa'in da tara tana rufe aikinta, da an bar ta minti biyar da ta gama. Yanzu kam sai ya zo gobe da kayan aiki, ya sake zuba musu manhaja tun daga tushe. Sai ya tambaya ko an kwafe jerin kafin a fara. Ba wanda ya amsa. Ya ce to, ya ji.

Minti Biyu ya buɗe baki, ya fara cewa shi ma abin da yake shirin faɗa ke nan. Manaja ya ɗaga masa yatsa ɗaya, ya rufe bakin.

Anti ta ciro babban littafi da biro uku. Ta sa aka jera mutane, kowa ya nuna saƙon wayarsa, wanda ya riga kama wuri ya riga zaɓar kujera. Nan ma sai da aka ɓata rabin awa, don waɗanda suka bi shawarar Minti Biyu suka kashe wayoyinsu sai da suka kunna, biyu daga ciki kuma suna tashi suka ce sai sun sabunta kansu tukuna. Motar ƙarfe goma ta tashi ƙarfe ɗaya da rabi. Dogo ya yi ta danna oda har ya fita ƙofa.

Yaya kuwa ta koma gefe. Tana zaune a kan benci da kula a cinya. Sau ɗaya ta dubi mijinta, shi ma ya dube ta, ta tuna alkawarinta ta sunkuyar da kai. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, don ta riga ta gaya wa maƙwabta ƙaninta ya samu aiki. Ta aika aka kwaso kayansa daga ɗakin ƙofar gida, duka jaka ɗaya ce. Anti ta yage takarda daga littafi, ta rubuta tikitin motar ƙarfe huɗu da hannunta, kujerar bakin taga, ta miƙa masa. Ta ce igiyar wuyan ya tafi da ita, ko za a samu abin ɗaurewa a can.

Ya shiga mota ya zauna, ya rungume jaka. Mutumin da ke kusa da shi ya gane shi, ya zare wayarsa daga aljihun gaba ya mayar na ciki. Yaya ta zo jikin taga ta miƙo masa kular abincin da ba a ci ba. Idonta ya yi ja. Ya karɓi kular ya ɗora a kan jaka. Sannan ya leƙo ya yi ƙasa da murya.

"Yaya, wallahi saura kaɗan. Kowa ya gani, casa'in da tara ta kai."

"Na sani, ƙanena," in ji ta, tana gyara masa wuyan riga ta taga. "Kai ma tun da na goya ka, a casa'in da tara kake tsayawa."

Mota ta ja. Ta tsaya har ta fita ƙofa, sannan ta ciro waya ta kira Kawu, ta ce masa ga shi nan tafe, don girman Allah ya sa kwaɗo a ɗakin injin ƙyanƙyasar ƙwai.